Man Giyar da Aka Ce Kada a Taɓa

Akwai wata shawara da ke yawo a garejojinmu, daga Kano har Jos, daga Kaduna har Maraɗi, wadda na yi imani ta kashe giyabos fiye da ramukan hanya. Wai motar otomatik ba a yi mata juyen man giya. Bakanike zai gaya maka haka da zuciya ɗaya, ba don ya cuce ka ba, shi ma abin da ya ji daga bakin maigidansa ke nan tun yana yaron gareji. Mai mota kuma ya karɓa hannu biyu, tun da shawara ce da ba ta cin ko sisi a ranar da aka ba da ita. Mutumin da ba ya ƙetare lokacin juyen baƙin mai, wanda ya san ranar da ya sa sabon batir da ranar da ya sauya taya, in ka tambaye shi yaushe aka taɓa sauya man giyar motarsa sai ya yi shiru, ko ya ce ai tun da ya saye ta ba ta taɓa nema ba. Ita kuwa ta daɗe tana nema, shi ne bai san muryarta ba.

Wannan rashin sani yana da asali, kuma ba abin kunya ba ne. Manyan kanikawanmu a kan Fijo suka koyi sana'a. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ce motar gwamnati, motar haya, motar ɗan kasuwa, kuma giyarta ta hannu ce. A irin wannan giya aikin mai ɗaya ne, ya shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna. Ƙafar direba ce ke taka kuloci, hannunsa ke sa giya, man kuwa in dai akwai shi a ciki, ko ya tsufa mota za ta tafi. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986 sabuwar mota ta gagari yawancin mutane, sai kasuwar Kwatano da Beljiyam ta buɗe. Da farko na Turai aka fi shigowa da su, mafi yawansu masu giyar hannu. Daga baya na Amurka suka cika ƙasa, su Camry da Corolla da Accord da Sienna da Vibe da Highlander, kusan dukkansu otomatik. Motocin sun iso, amma ilimin kula da su bai biyo jirgin ba. Sai aka ci gaba da kallon man giyarsu da idon da ake kallon na 504.

Alhali a motar otomatik man nan shi ne ke yin aikin da ƙafa da hannun direba suke yi. Tsakanin inji da giyabos akwai wani dunƙulallen kasko da kanikawa ke kira konbata, cike da mai, da farfela biyu suna fuskantar juna a ciki. Inji ya juya ɗaya, ita ta watsa mai da ƙarfi, man ya juya ɗayar. Lokacin da mota ke tashi daga tsaye babu wani ƙarfe da ya haɗa inji da tayoyi, man ne kaɗai ke ɗauke da ƙarfin, shi ya sa za ka taka birki mota tana cikin giya inji bai mutu ba. Can ciki kuma akwai famfo da ke tura man ta cikin wani faranti mai 'yan siraran hanyoyi da bawuloli, wasu ramukan ba su wuce kan allura da yawa ba. Ƙwaƙwalwar mota ce ke buɗe su tana rufewa ta hanyar 'yan maɓallan lantarki da ake kira solonoyid. Duk inda aka tura man, sai ya matse wani rukunin faifayen kuloci, waɗanda a gareji ake ce wa faiba, kuma wannan matsewar ita ce shigar giya. Daga ta biyu zuwa ta uku, dole wani rukuni ya saki a daidai lokacin da wani ke kamawa, duk cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. In sabon ya kama da wuri ko da ƙarfi, ka ji mota ta zabura kamar an buge ta ta baya. In ya makara, inji ya yi kuka a banza kafin giyar ta shiga. Abin da ke daidaita wannan kamu ba ƙarfin famfo kaɗai ba ne, har da wasu sinadarai da aka zuba cikin man domin faiba ta kama a hankali, ba santsi ba fizga. Sannan man ne dai ke kwashe zafi, shi ke shafe ƙarafa, shi ke wanke datti. Ta yaya abin da ke ɗauke da wannan nauyi duka zai zama shi ne ba a sauyawa?

Zafi ne ke tsufar da shi. Man giya ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 80 zuwa 90 na ma'aunin Selshiyos, kuma ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri goma a kan haka yana ninka saurin lalacewarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai ƙosai ya ga abin da wuta ke yi wa man suya: na safe garai-garai, wanda aka yi ta maimaitawa kuwa ya yi duhu, ya yi ƙauri, ya bar danƙo a bakin kasko. Danƙon nan shi ne masifar giyabos. Yana manne wa bawuloli su riƙa makalewa, yana toshe rariyar da ke bakin solonoyid, sai man ya isa inda ake nemansa a makare ko ya isa da ƙarfin da ya wuce kima. Sinadaran da ke tausasa kamun faiba su ma suna ƙarewa. Garin faiba da na ƙarfe da ke zuba a kullum yana taruwa ya zama kamar yashi a cikin man. Faiba ta fara santsi, santsi ya haifi zafi, zafi ya ƙara ƙona man, haka abin ke cin kansa har ranar da mota za ta ƙi motsi.

To a duba inda muke tuƙa motocin nan. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yola yana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwalta. Mai zuwa aiki Abuja daga Mararraba da Nyanya yana iya shafe awa guda yana taka birki yana saki, kuma a irin wannan gosulo ne konbata ta fi dafa mai, domin tana ta juyi babu iskar da ke bugun gaban mota. Sienna da aka yi don mutum bakwai ko takwas ta zama motar haya, cike da fasinja, but ɗinta a ɗaure da igiya saboda kaya. Ga yashi, ga taɓo da damina, ga hawa. Masu ƙera motocin sun san da irin wannan aiki, suna da jadawali dabam dominsa a littafin mota. A littattafan Toyota na Amurka, motar da ke jan kaya ko ɗaukar nauyi ana son a sauya mata man giya a mil 60,000, wato wajen kilomita 96,000. Abin da su suka ɗauka a matsayin wahala ta musamman, mu shi ne zaman yau da kullum.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a yawancin motocin nan man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Wasu 'yan bututu biyu ne ke kai shi su dawo da shi. Saboda haka duk motar da ke yawan zafi, giyarta ma tana dahuwa, ko da tangaran bai nuna ba. Mu kuma ruwan rijiya ko na burtsatse muke ɗurawa a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, ya yi tsatsa, ya toshe, wani lokaci ya cinye bangon da ya raba ruwa da mai. In ruwa ya shiga man giya, faiba ta gama, domin takarda ce ta musamman aka manna a jikin ƙarfe, ruwa kuwa yana ɓamɓare ta. Wannan ya faru da Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na tsakanin 2005 da 2010 har a can Amurka, inda lagireton ke fashewa ta ciki, sai da kamfanin ya tsawaita garantinsa. Irin waɗannan motoci suna nan a titunanmu, an shigo da su bayan garantin ya daɗe da ƙarewa.

Masu cewa kada a taɓa suna da wata hujja da suke ji da ita, cewa ai kamfanin ma ya rubuta man na har abada ne. Gaskiya ne wasu kamfanoni sun faɗi mai kama da haka. Mercedes ta faɗa a kan giyarta mai gudu biyar da ta fito a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ta janye ta koma ba da shawarar a sauya. BMW tana cewa man giyar motocinta ba ya bukatar sauyi, amma kamfanin ZF na Jamus, wanda shi ne ke ƙera mata yawancin giyabos ɗin, ya taɓa shafe shekaru yana ba da shawarar a sauya tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko bayan shekara takwas, gwargwadon wahalar da mota ke sha. Ni maganar wanda ya ƙera na fi ɗauka a kan ta wanda ya sayar. Mai sayar da sabuwar mota lissafinsa a kan mai saye na farko yake, wanda zai hau ta 'yan shekaru ya rabu da ita. Ba da mu aka yi wannan lissafi ba, mu da motar ke iso wa bayan ta shekara goma ko fiye, ta ci kilomita dubu ɗari biyu, wataƙila ma an mayar da malejinta baya a hanya. Ranar da ka karɓi makullin motar Kwatano, sau da yawa man da ke giyarta ya riga ya cinye wa'adinsa tun a hannun mai ita na farko.

Kuma giya ba ta mutuwa farat ɗaya. Da safe ka tayar da mota ka sa ta a D, sai ta yi jim, daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka ji ƙum, ta shiga. Ka sa ribas, jikin motar gaba ɗaya ya girgiza. A hanya, tsakanin ta biyu da ta uku, allurar inji ta yi sama kamar ka taka totur a firi, sannan ta dawo. A gudun kilomita 60 zuwa 80, kana taka totur a hankali, sai ka ji wata karkarwa kamar ka hau kan hanya mai gargada, ka ɗaga ƙafa ta ɓace. Wannan wani kuloci ne da ke cikin konbata, shi ke kamawa yana saki, kuma a cikin duk alamun ita ce ta fi yawan warkewa da sabon mai. Wata motar lafiya lau da sanyin safiya, sai ta ɗauki zafi a gosulo ta fara fizga. Daga ƙarshe fitila ta kama a tangaran, mota ta maƙale a giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, ta ƙi hawa ta ƙi sauka. Ƙwaƙwalwar ce ta kulle ta da gangan don ka lallaɓa ka kai gareji. Tsakanin alamar farko da ta ƙarshe ana iya yin watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma a tsawon wannan lokaci abin da akasari ake yi shi ne a ce ai halinta ne.

Duba man ba ya bukatar kuɗi, a motar da ke da geji. Ka yi 'yar tafiya ta ɗauki zafi, ka tsaya a wuri mai daidai. Toyota ana dubawa inji yana aiki giya tana P. Honda kuwa sai an kashe inji a zaro gejin nan take, cikin minti guda ko ɗaya da rabi. Ka ɗiga man a kan farar takarda ka fita da ita rana. Mai lafiya ja ne garau, kana hango farin takardar ta cikinsa, yana bazuwa da sauri. Wanda ya fara tsufa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa amma ba ya wari. Wanda ya ƙone baƙi ne, yana tsayawa wuri ɗaya a kan takardar, in ka kai hanci ka ji ƙauri mai hawa kai. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu, in ka ji gari-gari faiba ce ke zuba. In ka ga 'yan ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In kuwa ya yi fari-fari da kauri, ruwan hoda kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, kada ka ƙara tafiya da ita. Sababbin motoci da dama, har da Camry masu gudu shida, ba su da geji sam. Ana auna nasu ta wata ƙusa a ƙarƙashi, kuma sai man yana kan wani zafi na musamman da ake karantawa da kwamfuta. Wanda ya auna da ka, ko dai ya rage ko ya cika fiye da kima, shi kuma man da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa ba ta matse faiba.

Tsoron juye bai faɗo daga sama ba, kuma ba zan raina masu shi ba. Yadda abin ke faruwa shi ne, mai mota ba ya tuna man giya sai mota ta fara santsi sosai. Ya zo gareji a lokacin da faiba ta riga ta cinye, a juye baƙin man a zuba sabo, bayan mako guda mota ta tsaya cik. Sai a ce juyen ne ya kashe ta, labari ya zaga unguwa, bakaniken ya sha zagi ya rantse ba zai ƙara ba. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Giyar da ta kai wannan hali, garin faibar da ke yawo cikin tsohon man yana ɗan taimaka mata ta kama, in aka kwashe shi sai raunin ya fito fili. Haka nan injin wanke giya da ke tura mai da ƙarfi, musamman in an haɗa da wani sinadarin wanki, yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin bawuloli, shi ya sa Honda ba ta yarda da irin wannan wanki ba, ta ce a juye a cika kawai, in ana son a sabunta sosai a maimaita sau uku ana ɗan tafiya a tsakani. Amma wannan giyar ta riga ta mutu kafin a kwance ƙusa. Abin da ya kashe ta shekarun da aka yi ba a juye ba ne. Ɗaukar darasin marar lafiyar da aka kawo a makare a ɗora wa mai lafiya, shi ne kuskuren da ke cika kasuwar Ƙofar Ruwa da Panteka da masu neman giyabos.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana kwance kaskon ƙasan giyar wata Corolla. Mai motar, wani dattijo, ya tsuguna yana kallo cikin damuwa. Bakaniken ya ciro ɗan maganaɗisun da ke manne a cikin kaskon, ya shafo shi da yatsa ya nuna masa wani toka-toka mai laushi kamar kwalli.

“Alhaji, wannan ba komai, kowace giya tana yin sa. Da ɓarɓashi na gani mai kaifi, da na ce ka fara tanadi.”

“To Malam, an ce mini in aka juye za ta daina tafiya.”

“Wadda ta riga ta ƙone ke nan, ranka ya daɗe. Taka ba ta wari, ba ta santsi, fizga kawai take yi. Mu sa mata nata, mu sauya matata, ka je ka yi sati biyu ka dawo mu ƙara juyewa.”

Wannan bakanike ya san abin da ya kamata kowa ya sani, cewa juye ɗaya ba ya fitar da man duka. A irin waɗannan motoci lita uku zuwa huɗu ke zubowa, alhali giyabos ɗin yana ɗauke da wajen bakwai ko takwas, sauran yana cikin konbata da bututu. Wannan ma alheri ne ga tsohuwar mota, domin sabon man yana shiga a hankali, yana wanke danƙon kaɗan-kaɗan. Ya kuma san ya duba kafin ya yanke hukunci. Da ya tarar da baƙin mai mai ƙauri da ɓarɓashin ƙarfe, gaskiyar da zai faɗa ita ce babu man da zai mayar da faibar da ta cinye, sai gyara.

Kalmar da ya yi amfani da ita, “nata”, ita ce rabin matsalar da ta rage. Mutane da yawa da suka yarda su yi juye, sai su je shago su ce a ba su jan mai, a miƙo musu duk galan ɗin da ke kusa. Ja ba iri ba ne, rini ne ake zubawa don a bambanta shi da baƙin mai in yana yoyo. Tun da General Motors ta fitar da giyar otomatik ta farko da ta yaɗu, a motar Oldsmobile ta 1940, ake ta sauya irin man da ake bukata. Dexron ya fito a 1967, Dexron III a 1993, Dexron VI a 2005, kuma kowane kamfani ya kama tasa hanya. Tsofaffin Toyota suna shan Dexron, na bayansu T-IV, na baya-bayan nan WS wanda ya fi su tsinkewa. Honda tana da nata, Z1 da aka maye gurbinsa da DW-1, kuma giyarta ba ta haƙuri da baƙon mai, da an sa mata sai ta fara buga giya. Mafi hatsari su ne motoci masu giyar CVT, irin Nissan Murano da Altima da Corolla na 'yan shekarun nan. Su ba su da hawa-hawan giya, wata ɗamarar ƙarfe ce ke gudu tsakanin kwarkwaro biyu, kuma man nasu dabam ne kwata-kwata, na Nissan ma kore ne. A zuba musu jan mai na yau da kullum, ɗamarar ta yi santsi ta kankare kwarkwaron, aikin gama ya gama. Sunan man da mota ke sha yana rubuce a jikin geji ko a littafinta, wanda kuma ba shi da littafi, lambar shasi da wayar hannu sun isa a gano.

Ko an san sunan, sai an yi da gaske kafin a sami na ainihi. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, galan da hatimi da rubutu duk kamar gaske, ciki kuwa wani tsinkakken mai ne da aka rina. Hukumar SON takan kama irin waɗannan kaya lokaci-lokaci, amma hankalin jama'a ya fi karkata ga baƙin mai, man giya ba mai yi masa kuka. In an ce maka galan ɗin WS ne a kan rabin kuɗin da amintaccen dila ke sayarwa, ganin kitse kake wa rogo. Ina ganin haƙƙin mai mota ne ya sayi man da kansa a inda ya amince, ya tsaya a buɗe hatimin a gabansa, ya ga adadin da ya fita da adadin da ya shiga. Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Ba kuma kowace fizga ce laifin mai ba, a nan ma ana cutar mutane. Robar da inji ke zaune a kai in ta tsage, kana sa D ko ribas za ka ji ƙum, giyar kuwa lafiyarta ƙalau. Na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda aka taka totur, ko mai auna gudu, in ta lalace giya za ta riƙa shiga ba kan lokaci ba. Raunin batir da sakakkiyar waya suna rikita solonoyid. Fulogin da ke tsallake wuta yana kawo karkarwa mai kama da ta konbata. Fijo 206 da 307 da 406 masu otomatik an san su da lalacewar solonoyid mai daidaita ƙarfin mai, abin da ake sauyawa ba tare da an sauke giyabos ba. Duk wannan kwamfuta tana nunawa cikin 'yan mintuna. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ji mota ta fizga sau biyu, ba a duba mai ba, ba a sa kwamfuta ba, a ce wa mutum giya ta tafi sai Beljiyam. Wanda ya ce kada a taɓa man jiya, sau da yawa shi ne mai cewa a sauke giyabos ɗin gaba ɗaya yau. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC, wadda ke shirya wa masu gyaran mota horo, za su yi wa jama'a babban aiki in suka sa giyar otomatik a gaba, domin yaran da ke koyon sana'a yanzu ita za su yi ta gani har su tsufa.

Mu masu tuƙi ma muna da namu. Mota tana ja da baya ba ta tsaya ba a wurga ta D, faiba ce ke shan wannan duka a madadin birki. A tsaya a kan hawa a riƙe mota da totur maimakon birki, ana dafa man a banza. Mota ta lalace a hanya a ɗaura mata igiya a ja ta kilomita talatin tayoyin da ke ja suna ƙasa, alhali famfon giya sai inji yana aiki yake juyawa, wato duk tsawon tafiyar ƙarafa suna gudu ba mai.

Na san abin da za a ce, kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 naira kuma ta ƙara faɗuwa, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, man giya na ainihi yana ciki. Magidancin da ke fama da kuɗin makaranta da na abinci, in mota tana tafiya, ba zai ga dalilin sayen lita huɗu na mai mai tsada ba. Ban ga laifinsa ba. Amma tsadar da ta taɓa man ta taɓa giyabos ninki-ba-ninki, kuma shi man sau ɗaya ne a shekara biyu ko uku, a wajen kowace kilomita 40,000 zuwa 60,000 ga motar da ke shan irin wahalarmu. Ga direban haya da motar ce gonarsa, mako biyu a gareji ana neman giyabos ya fi kuɗin juye goma ciwo.

Wanda kuma abin ya riga ya faru da shi, ya sayi giyabos na Beljiyam, ya sani tsohon kaya ya saya, da tsohon mai a cikinsa da ba wanda ya san shekarunsa. Garantin da mai kaya ke bayarwa na 'yan kwanaki ne. Kafin a ɗaura, a buɗe kaskon a duba, a sa sabuwar matata, a zuba man da ya dace da shi. A kuma wanke bututun da ke zuwa lagireto da wurin da man ke hucewa a ciki, ko a sauya lagireton in da hali, domin duk ɓarɓashin giyar da ta mutu yana nan maƙale a wurin, kuma da an tayar da inji famfo zai kwaso shi ya kai cikin wadda aka saya.